Man gyaɗa a tankin injin casa: nazarin wani lamari daga fadamar Argungu

Injin da ake magana a kansa irin 'yan Chinan nan ne masu silinda ɗaya, mai ƙarfin doki ashirin da 'yan kai, wanda ake zuba wa ruwa a wata tukunya da ke bisa kansa, a kuma tada shi da hannu. Aikinsa jan injin casar shinkafa a wani gari da ke bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Mai shi dattijo ne da kowa ke kira Alhaji. Masu kawo masa aiki galibi mata ne masu gumi, waɗanda ke sayen shanshera su turara, su shanya, a cashe musu su kai kasuwa. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a jihar, manyan kamfanonin casa suka samu kasuwa, amma shinkafar da talaka ke aunawa a kwano ba ta rabu da irin waɗannan ƙananan injina ba. Inda kuwa babu tsayayyar wutar lantarki, man dizal ne ke juya su, wato gas.

A hunturun ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, lokacin da litar gas ta haura naira 1,000, injin ya soma gardama da safe. Yara biyu za su yi ta juya hannun har zufa ta keto musu cikin sanyin nan, ya yi tari sau biyu sau uku ya mutu. In Allah ya sa ya kama, sai farin hayaƙi mai yaji a ido ya turnuƙe rumfar, ga wata ƙwanƙwasa mai kaifi daga cikin silinda da ba ta lafawa sai ya yi zafi sosai. Dabarun da kowane mai inji ya sani duk an yi su: a tafasa ruwa a zuba a tukunyar, a kunna tsumma a kara a bakin da yake shaƙar iska, wata rana ma a yarfa masa fetur a wurin. Abin haushin, lokacin ya zo daidai da cikar aiki, don shinkafar damina ta shigo. Macen da ta kawo buhunanta tun da asuba ba za ta zauna jiran inji har hantsi ba, alhali akwai wani a garin gaba.

Abin da ke faruwa a cikin silinda

Injin dizal ba shi da fulogi. Iska kawai yake shaƙa, fistin ya matse ta har ta koma wajen kashi ɗaya cikin 17 na girmanta, matsin ya sa ta ɗauki zafin da ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai nan famfo ke turo mai, nozul, wato bakin feshin mai, ta fesa shi cikin iskar, ya kama da kansa. Sai dai ba nan take yake kamawa ba. Tsakanin fesawa da kamawa akwai ɗan jinkiri da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. A ido ba komai ba ne, amma injin da ke juyi 2,200 a minti, kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya wuce ya riga ya juya digiri 13. In jinkirin ya yi tsawo, mai zai taru bai kama ba, sannan ya tashi gaba ɗaya lokaci guda, ƙwanƙwasar da ake ji ke nan. Wanda bai samu ƙonewa ba ya bi salansa ya fita fari. In kuma ƙarfen ya yi sanyi yana zuƙe zafin iskar, ko ringi, wato zobban da ke jikin fistin, sun cinye iskar tana sulalewa ta gefe, to wutar ma ba za ta tashi ba.

Ma'aunin saurin kamawar mai shi ake kira lambar siten. An ɗauki wani sinadari mai suna siten, mai miƙaƙƙiyar sarƙa ta ƙwayoyin kabon 16, wanda ke kamawa da wuri, aka ba shi maki 100, sauran mai kuma ake gwada su da shi a wani injin gwaji na musamman. Ƙa'idar Tarayyar Turai ba ta yarda gas ɗin mota ya gaza 51 ba, ta Amurka kuma 40. Fetur yana can ƙasa ƙwarai, domin shi an yi shi ne musamman don kada ya kama sai fulogi ya ba shi wuta.

Ɗanyen mai

Shawarar zuba man gyaɗa daga wani direban tarakta ta fito, wanda ya ce ya gani a waya cewa injin dizal tun asalinsa da man gyaɗa ya yi aiki. Maganar tana da tushe. A babban bajekolin duniya da aka yi a Paris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da take mulka, inda gyaɗa ke da yawa, man ƙasa kuwa sai an yi dakonsa daga nesa. Rudolf Diesel da kansa ya ba da wannan labari kafin mutuwarsa a 1913. Abin da labarin wayar bai faɗa ba shi ne, injinan wancan zamani a hankali suke juyawa, kuma da iska mai ƙarfi ake hura man cikin silinda, don haka kaurinsa bai cika damunsu ba. Injin Alhaji kuwa ta wasu 'yan ƙofofi da ba su kai rabin milimita ba yake fesa nasa.

Alhaji ya sa aka sayo man gyaɗa wurin masu ƙuli-ƙuli, aka riƙa zuba kwalba biyu a kowace jarka mai lita 20. Kwanakin farko kowa ya yaba. Ƙarar ta yi laushi, salansa tana fitar da ƙamshin suya, har matan suna tsokanar Alhaji wai yaushe ya fara sana'ar ƙosai bai faɗa musu ba. Laushin ƙarar ba mamaki ba ne: famfon ya tsufa, mai mai kauri ya cike 'yan giɓin da ke cikinsa ya ƙara masa santsi. Tashin safe dai bai canza ba, sai ma abin da ya ci gaba, don man gyaɗa barci yake yi da sanyi. Amma da yake kunne ya ji daɗi, sai aka ƙara yawan man. Kafin wata ya zagayo injin ya rasa ƙarfi. Da an sakar masa shanshera da ɗan yawa sai ya nemi shaƙewa, hayaƙin ya koma baƙi, filta tana toshewa a kai a kai.

Bakaniken da aka ɗauko daga Argungu bai ce uffan ba sai da ya ciro nozul. Bakinta ya yi gawayi, wani baƙin ƙullutu mai tauri ya zagaye ƙofofin, sai da ya sa tsinin wuƙa ya kankare. Ya ɗaura ta a bututun famfo a waje, ya ce yara su juya. Maimakon hazo mai laushi ya fito ta kowace ƙofa, sai biyu suka yi tsartuwa, sauran suna ɗiga, kamar bakin famfon feshin gona da ya toshe. Da aka ciro fistin, ringi biyu sun manne a gurbinsu da wani abu mai danƙo. Baƙin man da ke ƙasa ya yi kauri yana yauƙi, kuma ya fi yadda aka zuba shi yawa. Bakaniken ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wanga inji ba mai shi ka so ba, aiki shi ka so. Tun kahin a zuba mishi man ƙuli ringinai sun tahi."

Duk abin da ya nuna yana da bayani. Ɗanyen man tsiro ya ninka gas kauri kusan sau goma, lambar sitensa kuwa tana wajen 40, wato bai fi gas mai rauni ba. Ba shi da abin da zai ƙara wa saurin kamawa. Manyan ɗigon da nozul ke tofarwa ba sa ƙonewa duka. Wani ya maƙale ya zama gawayi, wani ya bi jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, zafi ya yi ta dafa shi har ya zama danƙo.

Zuwan malami

Alhaji yana da ɗan ƙanwa da ke koyar da kimiyyar sinadarai a wata babbar makaranta a jihar. Da ya zo gida ya tarar da injin a kwance, bai fara da man gyaɗar ba. "Kawu, wurin wa kuke sayen gas?" Ashe tun da farashi ya tashi aka daina zuwa gidan mai, aka koma karɓa wurin 'yan bumburutu a bakin titi, saboda ɗan ragin da suke yi da kuma bashin da suke ɗagawa zuwa ranar kasuwa. Malamin ya shinshina man, ya ɗiga shi a farar takarda ya ga yadda wani sashe ke saurin bushewa, sannan ya auna lita guda a sikeli. Litar gas ta gari ba ta gaza giram 820, ta fetur kuwa ba ta kai 780. Na Alhaji bai cika nauyi ba, ga warin fetur yana tashi. A lokacin fetur ya fi gas araha nesa ba kusa ba, don haka mai son zuciya yana da riba in ya sirka, kuma babu abin da ke karya lambar siten kamar wannan sirki.

Ke nan abu uku ne suka taru a kan injin: ringi da nozul da suka gaji, man da aka gurɓata, da sanyin hunturu. Man gyaɗa na huɗu ne, shi ya zo ya ƙarasa.

Malamin bai ce a manta da man tsiro ba, cewa ya yi sai an sauya masa halitta tukuna. Ƙwayar man gyaɗa sarƙoƙi uku ne dogaye ɗaure a jikin wani sinadari mai suna gilisirin, kuma wannan ɗaurin ne ke ba shi kauri. In aka haɗa shi da wani ruwan sinadari mai suna metanol, wajen kashi ɗaya bisa biyar na yawan man, da 'yar soda irin ta masu sabulu, aka yi ta motsawa a zafin digiri 55 zuwa 60 na kimanin awa guda, sai sarƙoƙin su rabu, kowacce ta zama abin da ake kira esta. Gilisirin ya kwanta a ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin goma, a tsiyaye shi, a wanke na saman da ruwa a busar. Shi ne bayodizal. Tsohuwar dabara ce, don wani masani a Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar irin wannan hanya da man ja tun 1937. Bayan sauyin kauri yana saukowa kusa da na gas, lambar siten ta estar gyaɗa kuma ta haura 50.

Zubin farko da ya yi da tsohon man suya bai rabu ba, sabulu ya zama, saboda man da aka daɗe ana suya da shi yana ɗauke da ruwa da tsami, su kuma suna cinye sodar. Sai da ya tace man, ya dafa shi ruwan ya fita, ya auna tsamin ya daidaita sodar, sannan ya samu esta garai-garai mai launin zuma. A ɗakin gwajin makarantarsu ya yi aikin, ba a tsakar gida ba, kuma da dalili. Metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum, tururinsa na kama wuta, harshen wutar ma da rana ido bai cika ganinsa ba.

Irin man da aka fara da shi ma yana da tasiri. Man da sarƙoƙinsa ke a miƙe, ba lanƙwasa da yawa, irin man ja da man kaɗe, shi ya fi ba da siten mai yawa, estar man ja takan kai wajen 60. Wanda sarƙoƙinsa ke da lanƙwasa da yawa, irin man waken suya, estarsa tana wajen 50. Ta man zurma kuwa ga kauri ga ƙarancin siten. Sai dai akwai tarko a nan, wanda ya shafi Kebbi kai tsaye: man da ya fi saurin kamawa shi ya fi saurin barci. Estar man ja tana fara yin gajimare a wajen digiri 13 zuwa 16, kuma asubar hunturu a wannan yanki takan sauko kusa da nan. Ta gyaɗa ma ba ta tsira ba, saboda wasu dogayen sarƙoƙi da ke cikinta masu saurin daskarewa. Wato a watannin da aka fi buƙatar taimakonta, a nan ta fi son kulawa.

Rarrabe abin da ya yi aiki

Abin da ya fi burge ni a lamarin shi ne malamin ya ƙi yarda a canza komai lokaci guda. Alhaji so ya yi ranar da aka haɗa injin a zuba sabon haɗin a gani. Da an yi haka, da yanzu labari ya bazu cewa man malam ya tada mataccen inji, da kuma an sake samun wasu sun zuba abin da bai kamata ba. Sai ya ce, "Kawu, a yi haƙuri a fara da gas ɗin gidan mai shi kaɗai." Aka sa sabuwar nozul da ringi, aka zubar da baƙin mai aka zuba sabo, aka wanke tanki. Washegari da asuba yaro ɗaya ya tada injin, farin hayaƙin bai daɗe ba ya washe. Ba ɗigon man tsiro a ciki.

Bayan 'yan kwanaki aka sa lita 1 ta esta a cikin jarka mai lita 20. Babu wanda ya iya cewa ga bambanci a tashin safe, har shi malamin. Da aka kai lita 4 a cikin 20, a nan ne ƙwanƙwasar ta ƙara laushi, baƙin hayaƙin da ke fita in an danna wa injin kaya ya ragu. A makon farko filta ta toshe, don esta tana narkar da tsohon dattin da ya manne a bututu, wata tsohuwar robar mai kuma ta yi laushi ta soma zufa aka canza ta.

Lissafi ma haka ya nuna. In aka haɗa gas da esta, lambar siten ta haɗin tana bin rabon kowanne kusan daidai. A ɗauka gas ɗin mai maki 42 ne, estar kuma mai 60, wadda ta fi ta gyaɗa ma. Lita 1 cikin 20 za ta kai haɗin kusan 43. Lita 4 cikin 20 za ta kai shi tsakanin 45 da 46. A ganina wannan ne abin da masu tallar "maganin inji daga tsiro" ba sa son a lissafa: esta ba magani ba ce da za a ɗiga da cokali a ga aiki, mai ce da ake haɗawa da mai, amfaninta gwargwadon yawanta. Inda kaɗan ɗinta ke aiki shi ne santsi. Kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya isa ya rage cin ƙarfe a famfo da nozul, kuma wannan zai ƙara muhimmanci, tun da a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage farar wuta a cikin gas zuwa kashi 50 cikin miliyan, tacewar da ke cire ta kuwa tana tafiya da wani sashe na santsin man.

Maganin da ake aunawa da cokali akwai shi, amma ba daga gyaɗa ya fito ba. Wanda matatu suka fi amfani da shi a duniya shi ne 2-EHN, sinadarin naitiret da ke tarwatsewa da wuri a cikin zafin silinda ya tayar da ƙonewa kafin gas ɗin ya tashi da kansa. Kashi 0.05 zuwa 0.4 cikin ɗari yakan ƙara maki 3 zuwa 8. Kashi 0.1 a jarka mai lita 20 mililita 20 ne kacal, wajen cokalin shayi huɗu. Wani abin takaici, gas mai rauni bai cika karɓarsa da kyau kamar gas mai kyau ba, don haka shi ma ba ya wanke laifin mai sirka fetur.

A nan ne binciken masana kan man tsiro yake da ma'ana ta gaske. An gwada ɗaura naitiret a jikin sarƙoƙin estar man waken suya da makamantansa, a daidai lanƙwasar nan da ke rage musu siten, sai aka samu sinadarin da ke gaggauta kamawa a ɗan ƙaramin adadi, yana kuma ƙara santsi. Wato rauninsu ya zama wurin aiki. Amma aikin ya ƙunshi asid mai tsananin ƙarfi, kuma cikin dangin sinadaran da ake samu ta wannan hanya har da masu fashewa. Da Alhaji ya tambayi ɗan ƙanwar tasa ko zai haɗa masa irin wannan, amsa ɗaya ya ba shi, a'a. Akwai kuma hanyar tace man tsiro da iskar haidirojin, wadda kamfanin Neste ya fara a Porvoo ta ƙasar Finlan a 2007, mai ba da man da sitensa ke haura 70. Wannan aikin matata ne, ba na ɗakin gwajin makaranta ba.

Maganar kuɗi

Ko da a ce ɗanyen man gyaɗa yana aiki, lissafinsa ba ya fita. A lokacin da gas ya fi tsada ma, litar man gyaɗa ta fi shi kuɗi, in za a mai da shi esta ga kuɗin metanol da soda, ga shi kuma litar esta ba ta kai litar gas ƙarfi ba, ta gaza da wajen kashi 8 cikin ɗari. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan harka da doka da rarar mai suka yi. Indonesiya, wadda ta fi kowa man ja a duniya, ta kai haɗinta kashi 35 cikin ɗari a 2023, ta ɗaga zuwa 40 a 2025. A Turai ana barin esta har kashi 7 a gas ɗin gidan mai. Najeriya ta fitar da manufar man tsiro tun 2007, da burin haɗa kashi 20 a gas, amma mai injin casa a Kebbi bai taɓa ganin wannan haɗi a famfon gidan mai ba, kuma ƙasar da ke shigo da man girki daga waje ba ta da rarar da za ta ƙona a inji.

Saura tsohon man suya da man da ba a ci. Na farkon ya yi ƙaranci fiye da yadda malamin ya zata, don mai ƙosai ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kan na jiya har ya ƙare a jikin ƙosan. Abin da yake samu daga gidajen abinci na Birnin Kebbi ne, shi ma ba kullum ba. Metanol kuwa sai an yi saƙonsa daga nesa.

Yanzu Alhaji a gidan mai yake sayen gas, a bar shi ya kwana a durom datti da ruwa su kwanta kafin a ɗiba daga sama. In malamin ya aiko da esta, lita ɗaya ake sawa a jarka, don kare famfo, kuma da hunturu da rana ake haɗawa, lokacin da ba ta yi gajimare ba. Ba a ajiye ta fiye da 'yan watanni, don tana jan ruwa tana kuma yin tsami. Ruwan zafi a tukunya da asuba har yanzu ana zubawa in sanyi ya tsananta. Malamin ya koma kan 'ya'yan dogon yaro, da ke zuba a banza a gindin itatuwa a kowane gari na yankin. Man yana da tsami da yawa, sai an bi da shi mataki biyu kafin ya zama esta. Ya sa ɗalibansa suna tattarawa, yana son ya auna lita nawa buhu guda zai bayar, da abin da zai rage bayan an biya masu tsinta da mai matsa.